Ranar da Kodineta Ya Kwanta a Madadin Bawan Allah

Shekara da shekaru mutumin nan yana zaune a ɗakin kati na asibiti, wani ɗan lungu mai taga ɗaya inda majinyata ke ziro hannu su karɓi katinsu su wuce ba ko sannu. Sunansa a bakin kowa Mai Kati. Likita ya ce Mai Kati, mai shara ta ce Mai Kati, har mai gadin da aka ɗauka jiya-jiya Mai Kati yake ce masa. Abin yana ci masa tuwo a ƙwarya, don shi a ganinsa Allah ya yi masa kai irin na manya, kujerar ce kawai ta yi masa kaɗan.

Ana nan sai jami'in horaswa na Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya ya yi ritaya, aka rasa mai son gadonsa, domin aiki ne na jan kujeru da roƙon mutane su zo bita. Mai Kati ya ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Aka ba shi riƙon ƙwarya, aka ce in ya shirya bita guda ta yi kyau majalisar ƙungiya za ta tabbatar masa da kujerar, har da ofis mai labule, ya rabu da ɗakin kati har abada. In kuwa ta lalace, taga tana nan tana jiransa.

Daga ranar ya hana kowa kiransa Mai Kati. Kodineta ne, kuma wanda ya manta sai ya maimaita. Ya shiga gaban Shugaban ƙungiya, wani babban likita mai son fararen kaya, ya zayyana masa shirinsa. Ba bitar mutum ashirin a ƙarƙashin fanka zai yi ba. Za a cika zaure, a kafa kyamara, a watsa kai tsaye ta intanet zuwa kowane reshe, kowa ya kalla a wayarsa. Darasin kuwa shi ne yadda ake farfaɗo da wanda ya faɗi numfashinsa ya tsaya.

Shugaba ya ce, “Kai ka iya abin?”

“Ranka ya daɗe, ni? Ai ko cikin barci aka tashe ni sai in danna ƙirji in koma in kwanta. Mutanen da na farfaɗo da su, in na tara su sai sun kafa tasu ƙungiyar.”

Gaskiyar magana, abu ɗaya ya taɓa dannawa a rayuwarsa, hatimin da yake buga wa kati.

Irin wannan darasi ba ya yiwuwa sai da mutum-mutumin roba da ake koyon danna ƙirji a kansa, kuma guda ɗaya ne tak, yana hannun Metiron, tsohuwar da ke kula da ɗakin gwaji na makarantar jinya. Ɗalibai suna kiransa Bawan Allah, saboda duk dannar da ake masa bai taɓa cewa wayyo ba. Metiron tana ji da shi fiye da yadda take ji da wasu jikokinta.

Ta dubi Kodineta ta saman tabarau ta ce, “Zan ba ka aro don darajar Shugaba, ba don taka ba. Ka kai shi zaure ka kulle. In ya dawo da ƙwarzane ko na farce ne, Mai Kati, ni da kai ne.”

“Kodineta, Hajiya Metiron.”

“Ɗauki ka fita.”

Bai kai shi zaure ba. Ina zai kai, alhali yana bukatar ya koyi abin a ɓoye kafin gari ya waye? Ya naɗe Bawan Allah da zanin gado, ya cusa shi a bayan tasi, ya nufi gida da la'asar sakaliya. Da ya sauka a bakin layi ya saɓa shi a kafaɗa, ƙafafu biyu farare suna reto a bayansa.

Mai Aski ne ya fara gani. Ya saki kan da yake yi wa aski ya yi salati. “Tela! Tela fito! Maƙwabcinka ya kawo mana aiki gida!”

Tela ya fito da tef a wuya. “Subhanallahi. Mai Kati, wa ya rasu? Kuma tun yaushe ake ba ku gawa ku zo da ita gida?”

Kodineta ya yi musu dariyar manya. Ya shimfiɗe Bawan Allah a kan bencin Mai Aski, ya yaye zanin, ya ce su matso su ga ilimi. Nan da nan layi ya cika. Da ma abin da yake so ke nan. Ya yi bayanin cewa gobe duniya za ta kalle shi, ya karɓi wayar Tela da ta Mai Aski ya sa musu hanyar shiga taron, ya ce su ma su kalla su ƙaru.

Tela ya ce, “To ɗan gwada mana mu gani mana.”

Ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafuka a ƙirjin roba, ya danna. Ƙirjin bai ko motsa ba.

“Ko bai karya ba ne yau?” in ji Mai Aski.

Kodineta ya hau bencin, ya kafa gwiwa a tsakiyar ƙirjin, ya tattara duk nauyinsa ya saki. Wani abu ya ce ƙwas daga ciki. Ƙirjin Bawan Allah ya lotsa kamar tsohon kwano, ya ƙi tasowa.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, “To ai ka ƙarasa shi.”

“Haka ake yi,” in ji Kodineta, gumi yana tsatso masa. “Yanzu sai a hura masa iska ya taso.”

Ya kafa baki ya hura har idanunsa suka firfito, ƙirji yana nan inda yake. Mai Aski ya ce ai ga mai faci nan kusa, me ya sa mutum zai kashe kansa. Aka jawo injin iskar taya, aka cusa bakin tiyo a bakin Bawan Allah, Kodineta da kansa ya ce a buɗe duka. Ƙirjin ya taso kuwa, ya ci gaba da tasowa, jama'a suka fara tafi. Sai ji kake fam! Fuskar robar ta yi sama ta faɗa kan rufin shagon Tela, iska ta fita ta inda ba a zata ba, mata suka watse da ihu.

Tela ya leƙa abin da ya rage ya girgiza kai. “Wannan ko ni ba zan iya ɗinke shi ba. Allah ya jiƙan Bawan Allah.”

Kodineta ya tura gawar ƙarƙashin gado kafin matarsa ta dawo daga aiki. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa, mace mai haƙuri amma mai ido, kuma ita ma 'yar ƙungiya ce. Da ta shigo ta same shi yana kai da kawo yana murmushi shi kaɗai, ta san akwai magana.

“Baban yara, wannan murmushin ba na son shi. Ranar da ka yi irinsa ka ce za ka gyara mana firji.”

“Ke dai gobe ki shiga ta wayarki ki ga mijinki. Ki ga wanda kike aure.”

“Ai na san wanda nake aure.”

“Ba ki sani ba. Gobe za ki sani.”

Bai gaya mata komai ba, don ya san za ta hana shi. Dabara ce ta faɗo masa, irin wadda a ganinsa ba a taɓa yi ba tun da aka kafa ƙungiya. Me za a yi da mutumin roba? Shi da kansa zai yanke jiki ya faɗi a gaban zaure, ba tare da kowa ya san wasa ne ba. Ma'aikata su rikice, su rufu a kansa, sannan a sanar cewa gwaji ne, ya miƙe yana kakkaɓe kwat, ya ce, “Kun ga yadda gaggawa ke zuwa ba sallama?” Tafi ya tashi daga kowane reshe. Wa zai ƙara tambayar Bawan Allah bayan wannan?

Da safe ya ja Mai Kyamara gefe, wani dogon mutum mai sanyin hali da aka ɗauko haya don watsa taron. Shi kaɗai ya gaya wa sirrin.

“Ka zuba ido a kan ƙafata ta dama. In ka ga ina kaɗa ta, sai ka ɗaga murya ka ce, ‘Gwaji ne, jama'a! Ku tafa wa Kodineta!’ Ka ji?”

“Na ji. Amma yallaɓai, ba za a fito da allura ba ko? Ni fa ba na iya kallon allura.”

“Wace allura? Kafin su kai nan mun gama. Kuma ka bar makirfon kowa a buɗe, na zaure da na waya.”

“Yallaɓai, hayaniya za ta yi yawa. Ka'ida a rufe na masu kallo.”

“To tafin nasu ta ina zan ji shi? Bar su a buɗe.”

Zaure ya cika maƙil: nas-nas, masu haɗa magani, masu gwajin jini, likitoci a sahun gaba, Shugaba cikin fararen kayansa. A jikin bango ga babban allo cike da ƙananan fuskoki daga rassa, wasu suna cin abinci, wani kuma silin ɗakinsa kawai ake gani. Kodineta ya fito cikin sabuwar kwat ruwan toka wadda Tela ya ɓata mako yana ɗinkawa. Ya yi jawabin maraba da ya fi darasin tsawo.

Metiron ta katse shi daga inda take zaune. “Ina Bawan Allah?”

“Yana tafe, Hajiya. Yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba.”

Ya ɗaga yatsa sama ya ce, “Gaggawa, 'yan'uwa, ba ta…” Sai ya dafe ƙirji, ya juya idanu, ya yi taga-taga har sau biyu don na baya su gani, ya zube. Ya manta cewa daɓen siminti ne. Ƙeyarsa ta bugu har ya ga taurari, amma ya daure, ya rufe ido, ya ɗauke numfashi.

Abin da bai lissafa ba shi ne, faɗuwa a gaban ma'aikatan lafiya cike da zaure, ga kyamara tana kallo, daidai yake da jefa hatsi a gaban kaji. Kowa yana so reshensu ya gan shi yana aiki. Kujeru suka kife. Wani ƙaton mai haɗa magani ya riga kowa isowa, ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya danna sau ɗaya da dukan zuciyarsa. Numfashin da Kodineta ke ɓoyewa ya fito da ƙara ta hanci da baki.

“Ɗaga shi, yana numfashi!” Muryar Metiron ce. “Ku ba shi iska. A buɗe masa ƙirji.”

Ya ji sanyin almakashi a cikinsa. Kafin ya gane me ake ciki, sai lasifikar bango ta ɗauka da wata murya da ya sani.

“Kar ku yanka! Don Allah kar ku yanka! Akwai maɓalli! Maɓalli uku ne kawai!”

Tela ne, daga shagonsa. Almakashi ya ce ƙyat, ƙyat, ƙyat, daga ƙasa har wuya, kwat da riga da singileti gaba ɗaya.

“Shi ke nan, sun kashe ta,” in ji Tela. Sai muryar Mai Aski ta biyo: “Kai kana ta kwat, mutum ya mutu! Ba ka ga ba ya motsi ba? Tashi mu gaya wa mutane.” Aka ji ƙarar benci, suka ɓace.

Kodineta ya ga abin ya isa haka. Ya fara kaɗa ƙafar dama. Shiru. A daidai lokacin wata nas ta fito da allura ta ɗaga ta sama tana duba ta a haske, daidai saitin kyamara. Daga can bayan zaure aka ji wani abu mai tsawo ya faɗi tim, kamar an ka da tsani. Ba wanda ya waiwaya, kowa hankalinsa na kan Kodineta. Shi kuwa ido a rufe, bai san abokin sirrinsa ya riga ya sume na gaskiya ba. Ya ƙara kaɗa ƙafa, ya haɗa da ta hagu.

“Jijjiga ta fara!” in ji wani likita. “Ku danne ƙafafun! Sa masa allurar ƙarin ruwa maza!”

Mutum biyu suka zauna masa a gwiwoyi. Aka huda masa yatsa don gwada suga. Aka ɗaure masa dantse da abin awon jini har hannun ya mutu. Nas ta nemi jijiya ta rasa, ta sake nema ta rasa, wata ta ce ba ni nan, ita ma ta rasa. Daga allon bango kuwa shawara ake ta jefowa kamar ruwan sama. Wani reshe ya ce a ɗaga ƙafafu, wani ya ce a sauke, wata mata tana ta tambaya ko za a ba da takardar shaidar halarta duk da haka. Wani kuma a cikin zauren ya zo da reza ya aske masa rabin gashin ƙirji don a manna wayoyin awon zuciya.

A cikin hayaniyar nan ya ji wata murya siririya daga lasifika. “Baban yara? Baban yara!” Sai ƙarar waya ta faɗi ƙasa. Ya gane muryar matarsa ce, amma ya ce a ransa, in an tashi na lallashe ta.

Ya yanke shawarar ya miƙe da kansa kawai, ko ba sanarwa. Har ya fara tattara ƙarfi, sai ya ji ƙamshin turaren Shugaba a kansa. Babban likita ya durƙusa da fararen kayansa a kan siminti, ya saurari ƙirjinsa, ya miƙe ya fuskanci kyamara, wadda tun faɗuwar mai ita ta sunkuyo tana haska tumbin Kodineta.

“'Yan'uwa na kusa da na nesa,” in ji Shugaba da murya mai rawa, “wannan ba wasa ba ne. Na shekara talatin ina aikin nan, in na ga bugun zuciya na san shi. Wannan bawan Allah aikin ƙungiya ne ya kayar da shi. Ina shaida muku, in Allah ya tashi kafaɗunsa, kujerar horaswa tasa ce, ba sai majalisa ta zauna ba.”

Zaure ya ce amin. Kodineta ya mayar da ƙarfin da ya tattara inda ya ɗauko shi. Kujera ta samu! Abin da ya rage kawai ya ci gaba da mutuwa har a kai shi asibiti, ya kwana biyu yana shan shayi, ya farfaɗo a hankali. In ya miƙe yanzu ya ce wasa ne, ya ƙaryata Shugaba da shekarunsa talatin a gaban duniya. Ya ƙara lafewa, har da ɗan sakin baki.

Metiron dai ba ta ce amin ba. Ya ji ta kama hannunsa ta ɗaga shi sama daidai saitin fuskarsa, ta saki. Wanda ya sume da gaske, hannun a hancinsa yake sauka. Na Kodineta ya yi wata 'yar kwana a iska ya sauka a hankali kusa da kunne. Ta sake ɗagawa ta saki. Ya sake kaucewa.

“Uhm,” in ji Metiron.

Ta sunkuyo kamar mai sauraron numfashi, ta sa baki a kunnensa. “Mai Kati. Ina Bawan Allah?”

Gawa ba ta amsa ba, sai dai gumi.

“To madalla. Tun da ka ɗauki aikinsa, sai ka yi shi har ƙarshe.” Ta ɗago ta ɗaga murya. “Ranka ya daɗe, kafin motar asibiti ta zo, a ganina a zura masa tiyo ta hanci zuwa ciki. A kuma sa masa robar fitsari. Ku duba jakar nan, ku ba ni mafi kauri. Masu kallo daga rassa ku matso kusa, wannan darasi ne da ba kullum ake samunsa a jikin mutum ba.”

“Daidai ne,” in ji Shugaba.

Kodineta ya ji ana kwance masa bel. Ya tuna ofis mai labule. Ya tuna tagar kati da hannayen da ke zirowa ba sannu. Ya cije haƙori ya ce ko me za a zura a zura, ba zai koma lungun nan ba. Ƙafarsa ta dama dai ba ta fasa kaɗawa ba, ko Allah zai sa Mai Kyamara ya tuna da shi.

Sai ƙofar zaure ta bugu da bango.

“Ku ba ni hanya! Mijina ne!”

Ta ture masu gwajin jini, ta ture Shugaba kansa, ta zube a gabansa tana haki. Ungozoma ce mai shekaru a bakin aiki, amma ko jijiyar hannunsa ba ta taɓa ba. Fuskarsa ta kama da hannu biyu, safar roba tana hannunta har yanzu, hawayenta suna ɗiga masa a goshi.

“Baban yara, ka ce in shiga in ga mijina, ga shi na gani, ya isa. Tashi mu tafi gida. Wa ya ce maka kujera nake so? Ka koma ɗakin katinka, ni ban taɓa jin kunyar Mai Kati ba, shi na aura. Kar ka yi mini haka. Me zan ce wa yara?”

An soka masa allura bai motsa ba. An sa masa reza bai motsa ba. Robar Metiron ma ya shirya mata. Amma wannan kukan ya fi ƙarfinsa, don tun da suke bai taɓa jin ta yi irinsa ba. Ya buɗe ido ɗaya. Abin da ya fara gani ƙafarta ce, takalmi ɗaya babu, babban yatsa yana jini. Da gudu ta zo. Kunya da tausayi suka rufe shi lokaci guda. Ya buɗe ɗaya idon, ya tashi zaune.

“Maman yara, yi shiru. Ga ni. Kin ji ciwo a ƙafa.”

Zaure ya kaure da kabbara da tafi, allon bango ma ya ɗauka. Tafin da ya yi mafarki ke nan, daga kowane reshe. Shugaba ya buɗe hannuwa ga kyamara ya ce, “Kun gani? Wannan shi ne amfanin gaggawar kulawa!” Matar ta rungume shi tana dariya tana kuka. Kodineta ya duba, ga mata, ga kujera, duka biyu a hannu. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin abin da ya gani a lahira.

“To tun da wannan ya tashi,” in ji Metiron a bushe, “ko za a samu mai duba na gaskiyan? Ga mutum can a bayan ƙofa tun ɗazu, ƙafafunsa kawai nake hange.”

Aka waiwaya. Mai Kyamara yana miƙe a ƙasa, ma'aikatan lafiya cike da zaure ba wanda ya ko yi masa fifita. Aka ruga, aka ɗaga masa ƙafafu, aka yayyafa masa ruwa. Ya buɗe ido a firgice, ya hango Kodineta a zaune, ya tuna an ba shi aiki bai yi ba. Mutum ne mai riƙon amana. Ya miƙe da kyar, ya jawo makirfo, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

“Gwaji ne, jama'a! Gwaji ne! Ba abin da ya same shi, tun da safe muka shirya! Ku tafa wa Kodineta!”

Ya fara tafi shi kaɗai. Ya tafa, ya tafa, ya ga ba mai taya shi, ya bari.

Shugaba ya dubi gwiwoyin fararen kayansa da suka yi baƙi, ya dubi kyamara, ya dubi Kodineta. Daga allon bango wani ya ce, “Ranka ya daɗe, shekara nawa ka ce?” Wani reshe gaba ɗaya ya fashe da dariya.

Matar ta sake shi a hankali. Ta goge hawayenta da bayan hannu, ta gyara zaman safar robarta yatsa bayan yatsa.

“Hajiya Metiron,” ta ce cikin ladabi, “robar nan da kika ce, mai kaurin. Miƙo mini ita. Ni zan sa masa da hannuna.”

“Ga ta, 'yata.”

Ba a taɓa ganin mai bugun zuciya ya yi irin gudun da Kodineta ya yi ba. Hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da rabin kwat, wayoyin awon zuciya suna reto a ƙirjinsa, ya tsallake kujeru ya fice, kuma rassa duka sun gani, don wani ɗan albarka ya juya kyamarar ta bi shi har ƙofa.

Da ya iso bakin layinsu ya tarar an jera benci a ƙofar gidansa, maza sun zauna jugum, mata suna shiga da fita. Mai Aski yana tsakiya yana ba da labarin yadda marigayin ya cika a kan idonsa. Tela yana gefe da jajayen idanu, ba a san ko na maƙwabci ba ne ko na kwat. Wasu da suka shiga ɗaki gyara wurin zama ma sun jawo Bawan Allah daga ƙarƙashin gado sun jingine shi a bango, ba fuska.

Kodineta ya yi sallama. Benci ya kife, rabin masu ta'aziyya suka bar takalmansu.

Mai Aski ne ya fara dawowa, ya zagaya shi, ya leƙa ƙirjin. “Marigayi, sannu da dawowa. Amma wa ya yi maka wannan askin? Ko a lahira ba a rasa 'yan koyo.”

Majalisa ba ta ɓata lokaci ba. Ya koma ɗakin kati. Metiron kuma ta kafa sharaɗi aka amince: har ranar da ƙungiya za ta samo wani mutumin roba, duk bitar da za a yi shi zai kwanta a tebur ɗalibai su koyi naɗa bandeji da juya majinyaci a kansa, kuma ba a yarda ya ce wayyo ba. Matarsa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana, shi ke wanke mata yatsan yana ɗaurewa safe da yamma, tana miƙo ƙafar tana kallon bango. Ranar da ta huce, abin da ta fara cewa shi ne, “Ɗaurin ma ba ka iya ba, Mai Kati.” Bai gyara mata sunan ba.

Yana nan a bayan tagarsa har yau. Sai dai abu ɗaya ya canja, don labari ya zaga ko'ina. Yanzu ba mai ziro hannu ya wuce haka nan. Kowa sai ya sunkuyo ya leƙa, ya yi murmushi ya ce, “Sannu da aiki, Marigayi. Ya jikin?”

Shi kuma ya buga hatimi da ƙarfi ya ce, “Da sauƙi. Na gaba!”